Yadda Ake Shirin Mako Mai Tsarki a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Idin Ista, ko Pak kamar yadda aka fi ji a bakin mutanen Nijar, yana faɗowa ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A ƙasarmu tsakiyar bazara ke nan: zafi ya haura digiri 40, ruwan rijiya ya yi ƙasa, hatsin rumbu ya ja baya, samari da magidanta da yawa suna can wurin cin rani a Kano, Agadas ko Libiya. Kirista kuma a Tasawa da Mayahi ba su da yawa. A wani ƙauyen gida ɗaya ne ko biyu, majami'a kuwa sai an hau kabu-kabu ko amalanke. Wanda ke cikin wannan hali, in ya ce sai Mako Mai Tsarki, makon da ke kaiwa ga Ista, ya kama zai fara shiri, makon zai wuce shi yana tsakanin gona, kasuwa da bakin rijiya. A gida ake shirin nan, kuma tun da sauran kwanaki.

Fara da sanin ranar, don Ista ba ta da tsayayyen wuri a kalanda. Tun taron shugabannin ikkilisiya na Nikiya a shekara ta 325 aka nemi masu bi su riƙa yin ta rana ɗaya, lissafin da ake bi kuma shi ne Lahadin farko bayan cikar watan da ta faɗo ranar 21 ga Maris ko bayanta. Ta 2026 ranar 5 ga Afrilu ce, ta 2027 ranar 28 ga Maris, ta 2028 kuma 16 ga Afrilu. In ka sami wannan Lahadin, koma baya kwana bakwai ka sami Lahadin Dabino, ƙofar makon ke nan. A Nijar Litinin ɗin bayan Ista ranar hutu ce ta gwamnati, amma Juma'ar gicciye ranar aiki ce, saɓanin Najeriya. Saboda haka ma'aikaci, mushen lakwal, yaron gareji ko na shagon tela ya nemi izini da wuri, cikin ladabi, ya kuma faɗi gaskiyar abin da zai je yi. Manomi ya rage sassabe da kai taki kafin Laraba. Uwargida ta tanadi itace, ta yi surfe da niƙan kwana uku. Kada a raina wannan, don zuciyar da ke lissafin aikin da ya rage ba ta zama wuri ɗaya a yi addu'a.

Masu bi a wannan yanki gida biyu ne a bisa al'ada. Akwai na majami'un bishara, waɗanda tushensu ke komawa ga mishan ɗin SIM da ta sauka Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru ta kafa tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi, daga aikinta kuma ikkilisiyar EERN ta fito. Akwai kuma ƴan Katolika, ƙarƙashin diyosis ɗin Maraɗi da aka kafa a 2001, wanda Bishop Ambroise Ouédraogo ya fara riƙewa. Katolika suna da tsari na kowace rana, tsohon tsari ne ƙwarai: wata mai ziyara da ake kira Egeriya ta rubuta yadda ta ga ana bin makon rana-rana a Urushalima tun wajen shekara ta 380. Majami'un bishara sun fi dogara ga wa'azi, karatu da Jibin Ubangiji. Abin da zan faɗa ya shafi kowa, inda aka bambanta kuma zan nuna.

Sulhu tukuna

Na sa sulhu gaba da azumi da karatu da gangan. A Matiyu sura 5, Yesu ya umarci mai kawo baiko da ya tuna akwai ƙullalliya tsakaninsa da ɗan'uwansa ya ajiye baikon, ya je su shirya, sannan ya dawo. A ƙaramar ikkilisiya, inda mutum ashirin ke zama a benci uku, gaba tsakanin gida biyu ta isa ta kashe sujada gaba ɗaya. Kowa ya san wa ba ya gaida wa. Ana waƙa tare, ana cewa amin tare, a tashi kowa ya bi ta wata ƙofar. Jama'ar da ta shiga Mako Mai Tsarki a haka za ta ji labarin gafara daga Lahadi zuwa Lahadi, ta fito yadda ta shiga.

Ga yadda ake yi. Kwana goma kafin Lahadin Dabino, ka keɓe kanka da dare, ka lissafo mutanen da gabanka ke faɗuwa in ka hango su. Ba za su wuce uku ko huɗu ba, kuma ka san su. Ka je da ƙafarka, kada ka aiki yaro. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da sassafe kafin a watse, ko bayan magariba in gari ya yi sanyi. Ka yi sallama, ka zauna, ka kammala gaisuwa kamar yadda aka saba, sannan ka faɗi laifinka da sunansa: na zage ka a gaban mutane, na kai maganarki inda bai kamata ba, na ci maka iyaka. Kada ka haɗa da “amma kai ma”. Wannan kalmar ita ke mayar da neman gafara sabuwar shari'a. In maganar ta yi nauyi, irin ta gado ko ta aure, ka tafi da dattijo ɗaya wanda ku biyun kuke jin kunyarsa.

Abin da ake iya mayarwa a mayar da shi. Tiya biyar ta gero da aka ranta da damina, zubin adashin da aka riƙe, gamba ko dutsen iyakar gona da aka gusar, hauyar aro da ta shekara a ɗakinka. In babu abin biya yanzu, a je a faɗa, a sa rana. Wannan kuma bai tsaya tsakanin Kirista da Kirista ba. Bashin maƙwabcinka Musulmi bashi ne, zagin da ka yi masa kuma zagi ne, shi ne ma zai fi saurin gane ko makon nan naka yana da gaskiya a cikinsa.

Mafi wuyar duka na cikin gida ne. Maigida yakan iya roƙon gafarar abokinsa a kasuwa, amma bakinsa ya yi nauyi a gaban matarsa. Ɗan'uwa, daga nan za ka fara. In kuwa ka je wurin mutum ya ƙi sauraronka, ka yi godiya ka tashi, kada ka bi gari kana ba da labarin cewa kai ka je shi ya ƙi. Ka sauke naka, saura ka ci gaba da gaishe shi.

Bayan mutane, sai abin da ke tsakaninka da Allah. Ga ɗan Katolika, dokar furta zunubi a gaban fada aƙalla sau ɗaya a shekara da karɓar Jibi a lokacin Ista ta samo asali ne tun babban taron Lateran na 1215. Diyosis ɗin Maraɗi ya haɗa jihohin Maraɗi, Tawa, Damagaram, Agadas da Diffa, limamai kuma kaɗan ne a wannan faɗin ƙasa, don haka a tambayi katakis ranar da fada zai zo, ko a shirya tafiya tun kafin makon. Wanda ya bari sai ranar Asabar zai iya tarar da fada ba shi da sukuni. Ga ɗan majami'ar bishara, gargaɗin Bulus a 1 Korantiyawa 11 ya isa: mutum ya auna kansa kafin ya matso teburin Ubangiji. Ko ta wace hanya, tambayoyin su zama na rayuwarmu ta yau. Tiyar da nake sayarwa da ita, ita ce wadda nake saye da ita? Da yaro ya yi ciwo, wurin wa na fara zuwa, me kuma na ɗaura masa a wuya? Tsohuwata a ƙauye, yaushe rabona da aika mata? A karanta Zabura 51 a hankali, a bar ta ta zama bakin mutum.

Azumi a cikin zafi

Muna zaune cikin mutanen da suka san azumi ƙwarai. A 2022, 2023 da 2024 ma Mako Mai Tsarki ya faɗo ne a cikin watan Ramadan, gari duka yana azumi. Wannan yakan sa wasu masu bi jin cewa nasu bai kai ba in ba su bar ruwa daga asuba zuwa faɗuwar rana ba. Ba gasa ake yi ba. A tsarin Katolika, ranakun azumin dole biyu ne, Larabar Toka da Juma'ar gicciye: cikakken abinci sau ɗaya, da ɗan abin taɓawa sau biyu wanda bai kai cikakken ci ba. Dokar ta hau kan mai shekara 18 zuwa 59, barin nama kuma daga shekara 14. Ruwa ba ya karya shi. Majami'un bishara ba su da doka guda, kowace ikkilisiya da abin da ta saba, wasu kuwa sukan bar ci da sha har yamma. Wanda zai yi haka ya auna jikinsa da aikinsa. Mai ciki, mai shayarwa, tsoho, mai ciwon suga da mai shan magani kada su tilasta wa kansu. A watan Afrilu ƙishirwa tana kai mutum asibiti, wannan kuwa ba ibada ba ce.

Sai maganar nama. Gidan da ba ya ganin nama sai ranar suna ko biki, barin nama bai rage masa komai ba. A ganina, mutum ya nemi abin da ransa ke kai wa hannu kullum, shi zai ajiye: shayi uku na bayan azahar, goro, taba, sukari a kunu, hirar dare a majalisa, latsa waya har tsakar dare. Wanda ya yi mako guda ba shayi zai san ya yi wani abu.

Abin da aka rage kuma ba na aljihu ba ne, na mabukaci ne. Ishaya 58 ya ɗaure azumi da ciyar da mayunwaci, Matiyu 6 kuma ya hana a yi shi don idon mutane. Ga dabara mai sauƙi: duk lokacin da uwargida ta auno hatsin daka, ta ɗebi cikin hannu ɗaya ta zuba a wata ƙwarya daban, ta rufe da faifai, ta tura ƙarƙashin gado. Yara su gani, a faɗa musu dalili. Kuɗin shayin maigida su ma su shiga wani ƙyalle. Daren Alhamis, bayan duhu ya rufa, a aiki babbar ɗiya ta kai wa gwauruwar da ke riƙe da marayu, ko tsohon da ƴaƴansa suka yi nisa, kowane addini yake bi. Ta ajiye, ta gaishe su, ta dawo. Ba a sanarwa a majami'a.

Karatu a tsakar gida

Inda babu fasto ko fada kusa, Littafi Mai Tsarki ne zai riƙe makon. Cikakkensa yana nan da Hausa tun 1932, yanzu kuma ana samunsa da murya a katin waya, don haka rashin iya karatu ba hujja ba ce. A cika wayar da wuta tun da rana. Markus ya fi sauƙin bi, shi ne gajere, kuma sura shida daga cikin goma sha shidansa, daga 11 zuwa 16, duk a kan wannan mako suke. A raba su: sura 11 ranar Lahadi, 12 Litinin, 13 Talata, 14 a kasa ta biyu tsakanin Laraba da Alhamis, 15 Juma'a, 16 safiyar Ista.

Bayan tuwon dare a shimfiɗa tabarma, a haska tocila, a ba yaron da ya fi iya karatu ya karanta da ƙarfi, ba gaggawa. In ya gama, a sa wani, musamman wanda bai yi lakwal ba, ya maimaita labarin da bakinsa. Sannan a yi tambaya ɗaya tak: a cikin mutanen nan, wa na yi kama da shi a wannan shekara? Akwai Bitrus mai cika baki wanda tambayar wata baranya ta sa ya yi musun Ubangijinsa. Akwai Yahuza mai riƙon jakar kuɗi. Akwai Bilatus da ya gane gaskiya amma ya ji tsoron taro. Akwai matan da suka tsaya har ƙarshe bayan maza sun watse. Kowa ya amsa a zuciyarsa, wanda ya ga dama ya faɗa. A rufe da addu'a gajera da waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi. Rabin awa ta isa.

Kwanakin da kansu

Lahadin Dabino ana tuna shigar Yesu Urushalima a kan jaki. Dabino ba shi da yawa a nan, amma Allah ya hore mana kaba, ga gulbin da ya ratsa ƙasar Mayahi ma sunanta yake ɗauke da shi. A yanko ranar Asabar da yamma, da izinin mai gona, daidai bukata, don kabar nan ita ce tabarma da igiyar da mata da yawa ke ci da su. A jiƙa ta a rufe da buhu kada ta bushe kafin safe. Ƴan Katolika sukan kai tasu gida bayan an sa mata albarka, a soke a jikin bango, ita ake ƙonawa a sami tokar Larabar Toka ta baɗi. A ranar ce kuma ake karanta labarin shan wuyar Almasihu gaba ɗaya, Matiyu a 2026, Markus a 2027, Luka a 2028. Karatun yana da tsawo, a zo da ruwan yara.

Litinin zuwa Laraba a ci gaba da aiki, a rage surutu, a ƙarasa sulhun da ya rage.

Alhamis da yamma ake tuna jibin ƙarshe da wankin ƙafa. Wanda ke iya isa majami'a ya je, don Jibin Ubangiji ba abin da gida ke shirya wa kansa ba ne, yana da masu ba da shi bisa tsarin kowace ikkilisiya. Amma wankin ƙafa kowane gida na iya yi. A karanta Yahaya 13, maigida ya tuɓe babbar riga, ya ɗauki buta da kwano da tsumma, ya durƙusa. Ya fara da ƙaramin yaro, ya bi har kan matarsa. Ƙafar bazara ce, ga ƙura ga faso, ta sha hanyar rijiya tun asuba. Ya wanke ta da kyau, ya goge, in da man kaɗanya ya shafa. Na san abin yana da nauyi a al'adarmu, yara za su yi dariya da farko, uwargida za ta janye ƙafa. Haka Bitrus ma ya janye tasa. A daure a yi. Bayan nan a yi zaman addu'a na awa ɗaya, domin tunawa da Getsamani, inda almajirai suka kasa tsayawa a faɗake.

Juma'a ita ce ranar gicciye. Markus ya ba da lokutan: an gicciye shi wajen ƙarfe tara na safe, duhu ya rufe ƙasa daga tsakar rana zuwa ƙarfe uku, a lokacin ne kuma ya saki ransa. Shi ya sa ake sujadar ranar wajen ƙarfe uku, daidai sa'ar da ranarmu ta fi ƙuna. A Katolika ba a yin Mas a ranar, ana karanta Yahaya 18 da 19, a yi doguwar addu'a domin duniya duka, a girmama gicciye, da yawa kuma sukan bi Hanyar Gicciye mai matsayi 14. Gidan da ke nesa ya zauna a inuwa daga sha biyu zuwa uku, a kashe rediyo, a ajiye taɓarya, a karanta Ishaya 53 da Zabura 22 da Markus 15. A nuna wa yara Saminu Bakurane, baƙon da aka tilasta wa ɗaukar gicciye. Garinsu, Kurane, yana cikin ƙasar Libiya ta yau. A wurin nan ya dace a ambaci sunan kowane ɗan gida da ke bakin nema a can ko a wata ƙasa, a yi masa addu'a, in da hali a kira shi da yamma a karanta masa surar.

Ranar ce kuma maƙwabtanmu ke zuwa masallacin Juma'a. Suna girmama Annabi Isa, amma koyarwarsu ita ce ba a gicciye shi ba. Mun san nasu, sun san namu. A koya wa yara amsa gajera mai ladabi in an tambaye su, a hana su gardama a bakin famfo ko a filin ƙwallo. In ikkilisiya za ta zaga da kaba ko ta kwana tana sujada, a sanar da mai gari ko mai unguwa da jami'an tsaro tun da wuri, a kuma sassauta lasifika. Wanda ya tuna ƙone-ƙonen majami'u a Damagaram da Yamai a watan Janairun 2015 ya san darajar maƙwabcin da ya san ka, ya kuma san abin da kake yi.

Asabar ranar kabari ce, ba sujada da rana. A yi shara, a yi wanki, a yi kitso, amma kada hidimar girki ta cinye ranar. Da dare ƴan Katolika ke yin babbar sujadar shekara, wadda Paparoma Pius na 12 ya mayar da ita dare a 1951 bayan an daɗe ana yin ta da safe. Ana hura sabuwar wuta a waje, a kunna kyandir ɗin Ista, a shiga majami'a cikin duhu, a yi karatu har bakwai daga Tsohon Alkawari, na ƙetare Bahar Maliya a Fitowa 14 kuwa ba a taɓa tsallake shi. A daren ne ake yi wa manya baftisma, sauran jama'a kuma su sabunta alkawarinsu. Kowa ya zo da kyandir ɗinsa, ya kuma yi barcin rana. A majami'un bishara nauyin yana kan safiyar Lahadi. A gida, a tashi da asuba, sa'ar da Maryamu Magadaliya ta nufi kabari, a karanta Markus 16 da 1 Korantiyawa 15 kafin a ɗora tukunya. In an dafa, ko zabuwa ɗaya ce, a zuba na maƙwabta a aika musu, kamar yadda su ma suke aiko mana ranar Salla.

Saura kira ga dattawan ikkilisiya, katakis, masu bishara da zumuntar mata. Ku zauna mako biyu kafin Lahadin Dabino, ku tsayar da lokacin kowace sujada, ku aika wa na ƙauyuka. Ku rubuta sunan kowane tsoho, makaho, majinyaci da mai jego da ba zai iya zuwa da ƙafarsa ba, a gaban kowane suna kuma ku sa wanda zai ɗauko shi a babur ko amalanke. Wanda ba ya ɗaukuwa, ku ware mutum biyu su je su same shi ranar Litinin ɗin hutu, da Littafi a hannu da kwanon abincinsa.